In saki tsohuwar kyamarata in sayi mai dogon zum, ko in haƙura? Ina neman shawara kafin azumi

ɗan_Aboabo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu harkar hoto ku matso kusa, akwai abin da ya daɗe yana ci min rai. Ni a Kumasi nake, Aboabo, ɗinki ne sana'ata, hoto kuwa so ne kawai Allah ya ɗora min, ban taɓa karɓar ko sidi ɗaya a kansa ba. Kyamarar da ke hannuna Canon PowerShot SX50 HS ce, irin wadda ta fito a 2012, wana da ke Jamus ne ya aiko min da ita hom yus, wato ta hannu daga Turai, shekaru da dama da suka wuce kuma wallahi ta yi min hidima, zum ɗinta 50x ne, daga 24 har 1200mm. Da ita nake ɗaukar sarakunan zango da dawakinsu lokacin Sallah, da ita na je fadar Manhyia ranar bikin Akwasidae na ɗauko Otumfuo, sarkin Asante, daga can bayan jama'a inda ko taku ɗaya mutum ba ya iya ƙarawa, kuma duk wasan ƙwallon Kotoko da na samu halin shiga a filin Baba Yara tana rataye a wuyana.

Abin da ya tayar da maganar canji shi ne ɗaukar hoton wata. Mu da wasu dattijan unguwa mukan hau saman benen maƙwabcinmu da faɗuwar rana duk ƙarshen Sha'aban da farkon azumi, bara da jinjirin watan ya bayyana muka gan shi da idonmu sai na ɗaga kyamara na zuƙo shi har ƙarshe, na ɗauka ya fi sau ashirin, amma da na sauko na duba duk sun fito yashi-yashi, watan ya yi rawa ya zama biyu-biyu, babu ko ɗaya da zan iya tura wa wana. Abin ya min ciwo sosai don na riga na yi masa alkawari. Haka ma a filin ƙwallo, in wasa ya kai yamma aka kunna fitilu to shi ke nan, ƴan wasa duk dishi-dishi.

To sai na fara kallon bidiyo a YouTube na Nikon P1000, mai 125x, ana zuƙo wata har ana ganin ramukan da ke jikinsa, ga kuma P950 mai 83x, na ji ma an fitar da P1100 a 2025. Adashinmu na shago ni zan kwasa a wata mai zuwa. Uwargida tana ganin keken ofalok, mai ɗinke bakin yadi, ya fi dacewa da kuɗin kuma ban ce ba ta da gaskiya ba, amma zuciyata tana kan kyamarar nan dare da rana. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ya gaya min tsakani da Allah, bambancin ya kai a fitar da wannan kuɗi? Kuma in zan saya wacce?

MaiHoto_Nima

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni hoto ne abincina, biki, suna, maulidi, walimar saukar karatu, nan Nima da Maamobi har Madina, don haka bari in gaya maka yadda na fahimci abin, in na yi tsawo ka yi haƙuri.

Matsalar da ka lissafa guda biyu, jinjirin wata da ƙwallon yamma, duk ba ƙarancin zum ba ne ya jawo su, ƙarancin haske ne. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, shi ake cewa sensa, to wanda ke cikin SX50 ɗinka girmansa wajen milimita 6 ne a 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Abin da masu bidiyon nan ba sa tsayawa su faɗa shi ne P950 da P1000 su ma daidai wannan girman gare su. Taka megafiksel 12, su 16, an ƙara yawan ɗigo ne a fili ɗaya. Dalilin da ya sa ma ake iya yin 2000mm ko 3000mm a abin da mutum zai rataya a wuya ke nan, sensan ƙarami ne, ainihin tsawon gilashin P1000 539mm ne, lissafin kwatance ne ke mai da shi 3000. Sannan duk yadda ka ƙara zuƙowa ƙofar hasken tana ƙara tsukewa, ana auna ta da lambar f, in lambar ta ƙaru ƙofar ta tsuke ke nan, taka a ƙarshen zum f/6.5 take, P950 ma f/6.5, P1000 kuwa f/8, wato a can ƙarshe ta fi taka duhu. In haske ya yi kaɗan kyamara ba ta da abin yi sai biyu, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, hoto ya yi yashi, ko ta bar shota, murfin da ke buɗe wa haske hanya, a buɗe ya daɗe hannunka ya motsa wata ya zama biyu. Kai duka biyun suka same ka a saman benen nan.

Watan da kake gani a YouTube cikakke ne ko rabi, yana tsakiyar sama, haskensa ƙarfi gare shi kamar abin da rana ta haska da tsakar rana, a irin wannan ko taka za ta fito da ramukan, gwada ka gani a daren goma ga wata. Jinjiri wani abu ne daban, siriri ne kamar zare, yana can ƙasa dab da inda rana ta faɗi, haskensa sai ya ratso ƙura da hayaƙin gari kafin ya iso gare ka. Kuma kada ka manta azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, yanzu ya shigo lokacin hazo, to ko 3000mm ne hazon za ka zuƙo tare da watan.

Abin da zan ce ka fara yi, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar kyamara ba: nemi stan mai ƙafa uku mai nauyi, ba irin na ring layit ɗin masu TikTok ba wanda iska ke kaɗawa. Ka ɗora kyamara, ISO a 80 ko 100, ka sa taima na daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da ya fi karɓar gyara, tunda SX50 tana yi, mutane da yawa suna da ita ba su san tana yi ba. Amma kada ka bar shota ya kai daƙiƙa guda a buɗe, don wata tafiya yake, cikin minti biyu yana matsawa daidai faɗin kansa. Kuma don Allah ka jira rana ta faɗi tukuna kafin ka fara laluben sama da dogon zum, in ka haɗu da ita a cikin gilashi tana iya ƙona sensan.

Ƙwallo kuma magana ce ta daban. Ɗan wasa a guje yana son shota wajen 1/1000 na daƙiƙa, da kyamarar da ke saurin kama fokas. In da gaske nan zuciyarka take to abin da kake nema babban sensa ne ba dogon zum ba, irin Sony RX10 IV ta 2017, sensan inci ɗaya, ya ninka naka wajen sau huɗu, 24 zuwa 600mm, f/4 a ƙarshe, tana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa. Sai dai tsada, dala 1,700 aka sa mata da ta fito. Mai sauƙinta Panasonic FZ1000 ce, ta tsaya a 400mm. Ka ga a lamba sun gaza taka nesa ba kusa ba, amma a ƙarƙashin fitilun Baba Yara za su ba ka abin da P1000 ba za ta ba ka ba.

Direban_Mole

Salam. Malam MaiHoto ya faɗi gaskiya a kan haske, ban ja da shi ba, amma ina ganin ya ɗan rage wa P1000 haƙƙinta, ni ina da ita shekara ta uku ke nan. Aikina tuƙi, ina ɗaukar baƙi daga Akra mu bi ta Kumasi, Techiman, Kintampo har Damongo da Larabanga mu shiga gandun namun daji na Mole, kuma abin da wannan kyamara ta nuna min a dajin nan ban taɓa zaton ido zai gani ba. Kana tsaye a saman tudun nan da ke kallon tafkin da giwaye ke shan ruwa da rani, ka zuƙo har ka ga tsagar da ke jikin haure da ƙudan da ke bin idon giwa. Na ɗauki burtu yana tafiya cikin ciyawa, na ɗauki mariya da gwanki daga nisan da ba su ma san da mutum ba, Turawan da ke ɗauke da gilasai kamar turmi su kan zo su leƙa bayan kyamarata. Cikakken wata kuwa a 3000mm cika hoton yake daga sama har ƙasa, a 2000mm yana cin kamar biyu cikin uku, a 1200 ɗinka bai kai rabi ba. To wannan bambanci ne na gaske, gani ya kori ji.

Kuma ba zum kaɗai aka gyara ba tsakanin 2012 da 2018 da P1000 ta fito. Ramin leƙawa na SX50, inda ake ɗora ido a ga abin da za a ɗauka, na taɓa sa ido a ciki, ƙarami ne kuma hoton ciki ba ya fita sosai, na P950 da P1000 garau yake, wannan kaɗai yana taimaka wa mai neman abu siriri a sama. Ga bidiyo 4K, ga tura hoto waya kai tsaye ta SnapBridge ba sai ka cire memori ba, ga wani maɓalli a gefen gilashi da in abu ya ɓace maka ka danna ya ja baya ka gano shi ka saki ya koma, har da saiti na musamman na wata da na tsuntsaye a kan dayal.

Amma ɗan'uwa nauyi. P1000 kilo 1.4 ce, taka kuwa wajen giram 600, in ka rataya ta tun daga sallar Idi har la'asar kana bin dawaki wuyanka zai gaya maka. Batirinta kuma ƙarami ne, a takarda hoto 250, ni da uku nake yawo. Kuma da tsakar rana in ƙasa ta ɗau zafi iska tana rawa, duk abin da ka zuƙo daga nesa sai ya riƙa lanƙwashewa kamar kana kallonsa ta saman tukunyar da ke tafasa, babu saitin da ke gyara wannan, shi ya sa hotunana masu kyau duk na safe ne kafin tara. In na duba abin da na tara, yawanci tsakanin 1000 da 2000mm na ɗauke su, 3000 sai jefi-jefi kuma sai da stan. Da yau zan saya P950 zan ɗauka, kilo ɗaya ce, ta fito a 2020 a kan dala 800, P1000 kuwa dala 1,000. P1100 kusan P1000 ce aka sa mata USB-C, gilashi ɗaya, sensa girma ɗaya, kada ka biya ƙari don sunan sabuwa.

Injiniya_Adum

Ƙanina ni gyaran waya da kyamara nake yi a nan Adum, ban iya ɗaukar hoto kamar waɗannan malamai ba amma cikin kyamara na sani. Duk wadda za ka saya, in dai hom yus ce ko ta hannun wani a shafin talla na Jiji ko Tonaton, kada ka tura kuɗi ta MoMo sai ka riƙe ta a hannunka. Wani yaro daga Tafo ya kawo min tasa kwanaki, ya saya a wajen wani da suka haɗu a intanet, hoton talla tsaf, da na haska tocila cikin gilashi sai ga fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo a can ciki, kuma irin waɗannan kyamarori gilashinsu ba ya cirewa, a haɗe yake da jiki, in ya lalace kusan kyamarar ce ta tafi don kayan gyaransa ba a samunsu a nan sai an yi oda. Mai sayarwar kuma ya kashe waya.

Don haka ka je da memorinka da tocilar waya. Haska gilashin ta gaba a wuri mai duhu ka duba zare-zare ko hazo. Zuƙo daga farko har ƙarshe ka dawo sau biyar ko shida kana saurare, in ka ji ƙara kamar yashi na gogawa ko ya tsaya ya yi tsalle to ƙura ta shiga motar zum, ajiye ta. Ɗauki farin bango ko sararin sama a cikakken zum ka duba ko akwai baƙin tabo da ke wuri ɗaya a kowane hoto. Duba ramin stan na ƙasa ko ya tsage, alamar ta taɓa faɗuwa ke nan. Batir ma ka lura, naka na Canon NB-10L ne, ba zai shiga Nikon ba, P950 da P1000 EN-EL20a suke ci, to ka sa kuɗin ƙarin batir da caja a lissafi, da memori mai sauri in kana son 4K. In kuma wan naka ne zai aiko daga Jamus, ya fi a ba wani mai zuwa ya riƙo a hannu da rasit ɗinta, ka kuma tambayi yadda garantin yake kafin a biya.

Wani abu kuma, Kumasi garin damshi ne, damina biyu muke yi a shekara, kuma P950 da P1000 ba a yi su don ruwa ko ƙura ba. Kada ka ajiye kyamara cikin jakarta a ƙasan wadirob wata da watanni, nan fumfuna ke samunta. Nemi roba mai murfi da ke rufewa gam ka zuba ƙullin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi. Ita ma SX50 ɗin kawo ta in duba maka kyauta, wataƙila gilashin gaba ya yi dauɗa ne yana ƙara maka dishin.

Anti_Fadama

Ɗana sannu da ƙoƙari. Ni ban san lambobin nan da kuke faɗa ba, kayan kitso da turare nake sayarwa, amma ɗan ƙanwata yana da irin mai dogon hancin nan kuma akwai abin da nake so ka sa a ranka. Gidajenmu na zango a haɗe suke, tsakar gida a buɗe, wani banɗakin ma babu rufi, mata suna wanki suna girki ba lulluɓi don suna cikin gidansu. Ranar da yaron nan ya hau sama da kyamararsa yana neman wata, wallahi har gida aka zo aka yi magana, shi kuwa bai ɗauki kowa ba, amma wa zai yarda tunda kowa ya ji labarin tana ganin abin da ke nesa kamar a tafin hannu. Sai da mahaifinsa ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. To in za ka hau, ka hau tare da dattijan nan kamar yadda ka saba, ka fuskanci yamma kawai, in an gama ka rufe ta ka sauko.

Maganar uwargida kuma kada ka yi mata shiru a kai. Azumi na zuwa, ɗinkin Sallah na zuwa, kai ka fi ni sanin abin da keken ofalok ke kawowa a wannan wata ɗaya. Ku zauna ku yi lissafi tare, in ta ga ka sa ta a ciki ko kyamarar ka saya daga baya ba za ta riƙa kallonta da ɓacin rai ba.

ɗan_Aboabo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na karanta kowanne sau biyu. Anti na ji maganarki kuma na ɗauka, gaskiya ban taɓa kawo zancen maƙwabta a raina ba sai yanzu, kuma daren jiya mun zauna da ita mun yi maganar keken. Malam MaiHoto jiya bayan isha'i na ɗora kyamarar a kan katanga na tokare ta da buhun yadi, na sa taima kamar yadda ka ce, ISO 80, watan ya kusa rabi, wallahi ramukan sun fito a bakin inda haske ya haɗu da duhu, na daɗe ina kallon hoton, shekara nawa tana hannuna ban san za ta iya wannan ba. Na tura wa wana har ya kira ni.

Amma ba zan ɓoye muku ba, maganar Direba ta ramin leƙawa ta zauna min, don nawa da kyar nake gane abu a ciki in magariba ta yi, kuma ciro memori a sa a kwamfutar wani kafin a tura hoto yana gajiyar da ni. To tambayata ta ƙarshe, in na sayi keken yanzu da stan, bayan Sallah kuɗin ɗinki ya shigo, P950 zan nufa ko in tara in nemi mai babban sensan nan ko da ta hannu ce?

MaiHoto_Nima

Madalla, ka ga aikin da katanga da buhun yadi suka yi. Amsar tana cikin memorinka, buɗe hotunan da ka ɗauka shekara biyu da suka wuce ka duba bayanan kowanne, yana nuna tsawon da ka yi amfani da shi, a taka 215mm shi ne ƙarshen zum wato 1200, wajen 108 kuma shi ne 600. In ka ga yawancin waɗanda kake so suna manne a 215 kuma da rana ne, P950 taka ce. In kuwa yawanci ƙasa da 108 suke, dawaki da ƴan ƙwallo da taron yamma, to babban sensa za ka nema, ka bar SX50 a kan stan don wata, kada ma ka sayar da ita don abin da za a ba ka bai taka kara ya karya ba.

Direban_Mole

Ranar Asabar ta sama ina da baƙi zuwa arewa, za mu kwana a Kumasi. In kana so mu haɗu wajen Babban Masallaci bayan la'asar in ba ka tawa ka riƙe har magariba, ka zo da memorinka da taka kyamarar ka ɗauki abu ɗaya da kowacce, ka koma gida ka kwatanta a nutse. Turo min saƙo ta ciki in ba ka lamba.

ɗan_Aboabo

In sha Allah ina nan zuwa Yaya, na tura maka saƙon. Injiniya kai ma gobe da safe zan biyo Adum da ita kafin in buɗe shago, in akwai inda ake samun stan mai nauyi a kusa da kai sai ka raka ni mu duba.